Kakar Littafi da Kakar Ƙasa

Malaman hisabi na ƙasar Hausa, waɗanda manoma suka saba tambaya ranar shuka tun ba a san kalandar bango ba, sun kasa shekara kashi huɗu, suka ba kowane kashi taurari bakwai, kowane tauraro kuma kwana 13, in ban da Jabha da aka yi wa ƙarin kwana guda domin lissafi ya cika 365. A cikin wannan kaso taurarin kaka su ne Sarfa da Iwa da Simaku da Gufru da Zubana da Iklilu da Ƙalbu. Idan ta farkonsu ta kama, a ƙasar Ƙonni da kwarin Majiya da tuddan Adar har zuwa Illela, gero ya riga ya yi kai ya soma nuna, yara suna gasa tumu a bakin gona, hadari kan haɗu da la'asar ya yi ta rugugi sa'an nan ya watse bai zubar da kome ba. Babu lokacin da talaka ya fi so a shekara kamar wannan, domin a cikinsa ake ɗaure dami, a cika rumbu, a fid da zakka, a biya bashin damina, a sa ranar aure, 'yan dambe da 'yan kokawa su fito fage. Amma duk wanda ya tashi a wannan ƙasa ya san cewa a cikin waɗannan makonni na ƙoshi ne kuma masassara ta fi shiga gidaje, ta kayar da magidanci yana tsakiyar girbi, ta ɗauke yaran da suka riga suka tsallake yunwar damina.

Saboda haka maganin kaka tsohuwar sana'a ce a nan, tana da tarihinta kamar yadda sarauta da fatauci suke da nasu. Hannu uku suka riƙe ta, hannun daji da hannun littafi da hannun kasuwa. Abin da ya fi jan hankalina a cikin labarin shi ne, littafin da aka fi girmamawa ya zo da wata kaka dabam da wadda ake gani a ƙasa, aka kuwa yi zamani mai tsawo ana karanta ɗaya ana aiki da ɗayar, ba tare da an mai da abin rigima ba.

Hannun daji shi ne mafi daɗewa. Kafin Agabba, ɗan Sarkin Agadas Muhammadu Mubarak, ya karɓe Adar daga ikon Kabi wajen shekarar 1674, ya kafa gidan da sarautar Sarkin Adar ta Illela ta fito daga cikinsa, Azna ne masu ƙasa, kuma ko bayan da mulki ya koma hannun baƙi, sha'anin ruwa da daji da annoba bai bar hannunsu ba. A wurinsu lafiyar jiki ba ta rabu da lafiyar shekara ba, shi ya sa a Masalata, kusa da Birnin Ƙonni, har gobe ake taruwa a yi arwa, a duba abin da shekara ke tafe da shi na ruwa da yunwa da cuta, kuma shi ya sa maharba ba su shiga farauta sai an yi buɗin daji bayan an kau da amfanin gona. Ilmin kansa gado ne, kowace zuriya da rabonta. Maƙeri ke da maganin ƙuna, maɗori ke da karaya, maharbi ke da dafi da sarar maciji, wadda kan yawaita a kaka saboda kububuwa na son kwanciya ƙarƙashin karan da aka kayar. 'Yan bori kuma, waɗanda Nicole Echard ta daɗe tana bincike a cikinsu a Adar har ta fitar da littafi a kansu a 1989, da kaka suka fi yin wasa, tun da a lokacin ne mai alkawari ke samun abin cika alkawarinsa.

Hannun littafi ya shigo tare da malamai da alhazai, ya kuma yi ƙarfi bayan 1804, shekarar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi hijira zuwa Gudu, aka gwabza a Tabkin Kwatto, jama'arsa suka ci Matankari da Ƙonni. Daga nan Ƙonni ta zama ƙofar Sakkwato ta arewa, abin da aka rubuta a can kuwa ba ya daɗewa bai iso zaurukan nan ba. Shugabannin jihadi sun tsananta wa masu yanka ga itatuwa da duwatsu, amma da yake sun san ba a raba majinyaci da bokansa sai an ba shi madadi, sai suka duƙufa ga rubutun magani. Abdullahin Gwandu ya wallafa Masalihul Insani a kan abin da ke gyara addini da jiki. Muhammadu Bello, wanda ya fi su duka zurfi a wannan fanni, ya yi risaloli a kan ciwon ido da basir da ciwon ƙoda da fa'idar filasko. Nana Asma'u ta yi Tabshirul Ikhwani a 1839, a kan neman waraka da surorin Alƙur'ani. Shi Bello ne kuma, sa'ad da Clapperton ya ziyarce shi a 1824, ya nemi Sarkin Ingila ya aiko masa da likita ya zauna a ƙasarsa, abin da ke nuna cewa mutumin bai ɗauka ilmin magani ya ƙare a abin da ke cikin taskarsa ba.

Asasin wannan ilmi, wanda Larabawa suka gada daga hukaman Yunan, Ibn Sina da ya rasu a 1037 ya tsara shi a cikin Alƙanun, ya kuma bazu a ƙasashenmu ta hanyar ƙananan littattafai irin Arrahma fiɗ Ɗibbi wal Hikima da ake jingina wa Suyuɗi, shi ne cewa jikin ɗan Adam ya ginu bisa ruwaye huɗu, jini da balgamu da safra'u da sauda'u, kowanne da ɗabi'arsa ta zafi ko sanyi, laima ko bushewa, kowanne kuma da fasalin shekarar da yake rinjaye a cikinsa. Kharifu, wanda malamai suka daidaita da kaka, rabonsa sanyi da bushewa, sauda'u ce ke mulki a cikinsa. Don haka aka hori mutum ya nemi abinci mai ɗumi da laima, ya nisanci ruwan sanyi, ya rage cin 'ya'yan itace, ya tsare jikinsa daga saɓanin da ke tsakanin zafin azahar da sanyin asuba. Wannan bayani daidai ne ga Bukhara da Hamadan da Andalus, inda ganye ke zuba da kaka ana jiran ƙanƙara. Amma mutumin Dogerawa ko Tsarnawa da ya fita gona a farkon watan Oktoba, raɓa ta jiƙa masa wando har gwiwa da safe, da hantsi kuwa iska ta tsaya cik, rana na dukan ƙeya, gumi na tsiyaya, tabkuna cike fal, ina zai ga sanyi da bushewa? Farkon kakarmu zafi ne da laima, ragowar damina, sanyi da bushewar da littafi ya faɗa kuwa ba su isowa sai Ƙalbu ta kusa fita, Shaula na shirin shigowa da hunturu.

Su ma mutanen Sin sun ɗaura lafiya a kan fasalin shekara. A cikin babban littafinsu na magani da ake jingina wa Sarki Huangdi, wanda aka tattara fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, an haɗa kaka da ƙarfe a cikin asali biyar, da huhu a cikin gaɓoɓi, da bushewa a cikin illoli, aka hori mutum ya kwanta da wuri ya tashi da carar zakara, ya kwantar da zuciyarsa, ya tattara ƙarfinsa kamar yadda ake tattara amfanin gona. Manzilolin wata ma 28 suke ƙirgawa, daidai da yawan taurarin malamanmu na hisabi. Sai dai kakarsu 'yar uwar ta Ibn Sina ce, in aka ɗauko ta aka kawo Adar, a watan Disamba za ta sauka, lokacin tari da mura da haɓo da faso. Haƙiƙa ma abin da kakanninmu suka yi da nasihar kharifu ke nan, sun matsar da ita gaba zuwa ɗari, inda man kaɗe da kunu mai citta da masoro da kanumfari suka dace da ita, kakar gaskiya kuwa suka bar wa abin da ido ya gani.

Ido ya ga masassara tana zuwa tare da sabon hatsi, sai aka ce tumu ne ke tayar da ita, ko ɗanyar gyaɗa, ko nonon damina, ko taka raɓa da sassafe. Ya ga idon majinyaci ya yi rawaya fitsarinsa ya yi ja, aka ce shawara. Ya ga yaro ya sandare yana fizge-fizge, aka ce iska ta taɓa shi. Sababin ya kuɓuce musu, kamar yadda ya kuɓuce wa duniya duka har 1880 da Laveran ya ga ƙwayar cutar a cikin jini a ƙasar Aljeriya, da 1897 da Ross ya kama ta a cikin sauro a Indiya, amma lokacin bai kuɓuce musu ba ko kaɗan. Sauro kan hayayyafa a ruwan Agusta, ƙwayar kuma sai ta yi kwanakinta a cikin sauro ta ƙara wasu a hantar mutum kafin ta bayyana, jikin da za ta tarar kuwa noma da ƙarancin abinci sun riga sun raunana shi, sai haɗuwar ta faɗo daidai da nunar gero. Tumu dai mai wucewa ne da aka kama a wurin da aka yi sata.

Ga yadda ake yi wa mai masassara a gidan da ba ya kusa da likita, ba a kuwa daina ba har yanzu. Tsohuwar gida za ta aiki yaro ya karyo sabara da rai-ɗore, in kusa da fadama ne ya haɗo da giyayya, ta cusa su a tukunyar ƙasa ta dafa har ruwan ya yi duhu, a sauke, a zaunar da majinyaci a kan 'yar kujera, tukunya tsakanin ƙafafunsa, a lulluɓe su tare da gwado ruf, ita kuma ta riƙa zura hannu tana buɗe murfi kaɗan kaɗan, shi yana kukan zafi a ciki, tana cewa, "Daure ɗan nan, ciwo ne ke fita." In ya yi sharkaf, sai a surka ruwan a yi masa wanka, a ba shi ludayi guda ya sha, a bi da kunu. Wanda abin ya ƙi saki a jiƙa masa sassaƙen maɗaci, mai shawara a ba shi saiwar rawaya, wanda aka ce zahi ne ya taso masa, yadda mutanen nan ke kiran ciwon da ke kwance cikin ciki yana jiran maiƙo da ƙoshi su motsa shi, a wanke masa ciki da filasko da tsamiya. A kan filasko ne daji da littafi suka yi ittifaƙi, domin shi ne sanna ɗin da hadisi ya yaba. Surace yana sassauta gaɓoɓi, babban mutum wanda jikinsa ya saba da cutar tun yana yaro kuma galibi yakan tashi, a ce magani ya ci. Yaran da ba su kai shekara biyar ba su ne ba su tashi da yawa, kuma duk mai yabon maganin dā wajibi ne ya sa su cikin lissafinsa.

Da ruwa ya ɗauke, ganye ya soma bushewa, sai masu sana'a su shiga haƙar saiwa da sassaƙe su shanya a inuwa, 'yan magori su ɗaure buhunansu su bi kasuwanni, Badagishiri da Gidan Idar da Ƙonni, har su ƙetara iyaka. Samarin Adar masu shirin cin rani su ma a lokacin suke zagayen malamai da bokaye, wannan ya sha rubutu, wancan ya ɗinka laya da guru, domin ba a tafiya Kurmi da jiki tsirara. Wanzami kuwa kasuwarsa ta buɗe, don manomin da ya yi wata huɗu a sunkuye yana ganin mataccen jini ya taru masa a baya. Zai zauna gindin bango ya tuɓe riga, wanzami ya buɗe zabira, ya kafa ƙaho ya tsotsa ya toshe bakinsa, in fata ta tasa ya cire ya yi 'yan tsaga da aska, ya mayar ya sake tsotsa, can ya juye baƙin jinin a ƙasa ya nuna masa. Malamai sun ƙara wa wannan aiki daraja da sunan hijama, suka zaɓar masa ranakun 17 da 19 da 21 ga wata, amma ƙahon da hannun na wanzami ne.

Hannun kasuwa shi ne ya kawo duwatsu, kuma shi ma da kaka yake motsi. A wajen watan Oktoba ayarin gishiri ke tashi daga Abzin ya ƙetare Tenere zuwa Fashi da Bilma, ya komo, sa'an nan ya gangaro kudu ya tarar da rumbuna cike, a yi musanyar kantu da beza da dabino da gero. Abzinawan Kel Geres, waɗanda suka sauko suka zauna gabas da Adar a ƙarni na 18, suna cikin manyan masu wannan fatauci. Daga yamma gishirin Foga ke zuwa, daga gabas kuwa, ƙasar Manga da bakin Tabkin Cadi, kanwa iri iri, fara da ja da ungurnu. Makiyaya ma tasu kakar ta dutse ce, domin da damina sukan kora dabbobi arewa zuwa ƙasar Ingal da Tagidda su lashi ƙasa mai gishiri su sha ruwanta, su dawo bayan girbi su faɗa wa karmami. Ba na jin akwai wani magani na ma'adini da aka daɗe ana jarrabawa a wannan yanki, a kan bisa da mutum, kamar wannan.

In ka tsuguna gaban ɗan koli a kasuwar ƙauye, za ka ga duwatsunsa sun kasu gida biyu, ko da shi bai raba su ba. Gida na farko su ne masu shiga jiki. Kanwa tana kashe tsamin ciki, tana nunar da sabon wake, da ita ake dama kunun mai jego. Alif, wanda Idrisi ya ambaci fitarsa daga Kawar tun ƙarni na 12, yana kwantar da laka a ruwan tabki, yana tsai da jinin ƙaramin yanka. Farar wuta, in an niƙa ta da mai, tana maganin ƙazwa. Tozali a cikin tandunsa ana zizara shi don ƙurar sussuka da ƙaiƙayin gero da ke cika ido. Waɗannan aikinsu tabbas ne, kuma saboda tabbas ne suna da illa. Likitocin Zariya sun nuna a shekarun 1970 cewa yawan kunun kanwa tare da kwanciya a gadon wuta yana cikin abin da ke jawo wa masu jego kumburi da ciwon zuciya; tozalin da ke yawo a kasuwa kuma galibinsa dutsen darma ne, darma kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar jariri, duk da hadisin da ya yabi ismidi. Mutanen Sin sun taɓa faɗawa irin wannan rami da jan dutsen zaiba, wanda ya halaka sarakunansu da dama a zamanin daular Tang suna neman tsawon rai.

Gida na biyu su ne waɗanda ake ratayawa, aƙiƙ da murjani da tsakiya da talhatana. Littattafan Larabawa na duwatsu, irin wanda Tifashi ya rubuta a ƙarni na 13, sun ba kowane dutse hasiyatai, aka jingina wa jan aƙiƙ tsai da jini da sanyaya fushi, a nan kuma aka ƙara masa kau da baki da kambun baka. Tarihin hanyarsa ya fi hasiyarsa daɗin ji. Asalin aƙiƙin da alhazai ke sayowa a Makka daga Kambay ta ƙasar Indiya ake sassaƙo shi. A ƙarni na 19 masu wasa dutse na garin Idar-Oberstein a Jamus suka samu dutsen Barazil, suka kwaikwayi siffar talhatana, suka rina, suka cika kasuwannin Sahara da ita, har ya zamana abin da amaryar Adar ta ɗaura a wuya don tsari ya ratsa nahiya uku kafin ya iso gare ta. Namu jan dutsen kuma, lantana, wanda ake haƙowa a gefen Kwara wajen Kirtashi, fatake Hausawa ne suka riƙa kai shi Oyo da Ilorin a fafe shi a can. Akwai kuma gatarin aradu, da manomi kan tsinta bayan ruwa ya zaizaye gona, a ajiye shi don rantsuwa da tsarin gida, alhali gatarin mutanen farko ne da suka wasa da hannunsu tun ba a san ƙarfe ba. Waɗannan duwatsu ba su da abin da suke zubawa cikin jini. A 2001 wani malamin jami'a a Landan, Christopher French, ya ba mutum 80 duwatsu, wasu na gaske wasu na gilashi, abin da suka ce sun ji a jikinsu kuwa bai bambanta ba. Amfaninsu na zahiri a wani wuri yake, su ne ajiyar mace, da kaka ake saye, ranar da ciwo ko yunwa ta matsa a kai kasuwa, kuma ta wannan fuska murjani ya ceci rayukan da bai taɓa warkarwa ba.

Turawa sun shigo da wuta kafin su shigo da kinin. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni ta yi wa mutanensa kisan da har yau ba a manta ba, maganin masassara kuwa ya daɗe yana akwatin soja da na kwamanda kafin ya sauko ga talaka. Shi kansa kinin sassaƙe ne, na wani itace a duwatsun Amurka ta Kudu, wasu masana biyu na Faransa suka tace shi a 1820. A 1950 'yan mishan suka buɗe asibitin Galmi, a ƙasar da yanzu take cikin Malbaza, bayansa gidajen likita suka ƙaru, maganin masassara nibakin ta shiga tiren 'yan tebur, ta yi zamaninta har ƙwayar cutar ta daina jin ta. Dogon yaro, wanda aka kawo daga Indiya a zamanin Turawa, bai daɗe ba ya shiga tukunyar surace ya zauna tare da sabara, yau ma da wuya ka samu yaron da zai yarda baƙo ne. Malbaza kanta ta shahara da dutse tun da aka kafa masana'antar siminti a shekarun 1960, kuma wani abin dariya shi ne, jibsin da ake tono mata a ƙauyukan kewaye shi ne dutsen da likitocin Sin ke dafawa don sanyaya zazzaɓi tun kusan shekara 1,800 da suka wuce. A nan bango ake yi da shi.

Maganin Sin da ya canja kakar Adar ta wata ƙofa ya shigo. Nijar ta ƙulla hulɗa da Sin a 1974, likitocinta suka fara zuwa daga lardin Guangxi a 1976, har da masu soka siraran allurai, amma abin da ya kai ƙauye ƙwaya ce. A 1967, ana yaƙin Biyetnam, gwamnatin Sin ta sa masana neman sabon maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata mace a cikinsu, Tu Youyou, ita da jama'arta suka bi tsofaffin haɗe-haɗe fiye da 2,000, suka gwada ɗaruruwa, galibinsu ba su yi kome ba, har ta lura cewa wani malami na ƙarni na 4, Ge Hong, ya ce a jiƙa wani ganye da ake kira cinhawo a matse a sha, bai ce a dafa ba. Daga nan ta gane wuta ce ke kashe ƙarfinsa, ta tace shi ba zafi a 1971, a 1972 aka fitar da sinadarinsa, a 2015 aka ba ta kyautar Nobel. Wannan sinadari shi ne ƙashin bayan maganin da Nijar ta koma wa tun wajen 2005. Ganyen ɗan uwan tazargade ne, wadda ta daɗe a tabarmar ɗan koli, sai dai dangantaka ba ta sa su zama abu ɗaya, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi kashedi a 2019 cewa shan jiƙon ganyen a madadin ƙwaya ba ya tabbatar da warkewa, yana ma iya koya wa cutar jure magani. Abin koyi a labarin shi ne haƙurin tankaɗe da rairaya, irin wanda aka soma yi wa saiwar rawaya a Burkina Faso, wanda giyayya da maɗaci su ma suka cancanta.

Yau a tashar Ƙonni za ka ga kwalaye masu rubutun Sin da shayin wanke ciki da awarwaron duwatsu masu ƙyalli, a waya kuma ana tallar yadda za a gyara huhu da kaka, wato an sake kawo mana kakar wata ƙasa karo na biyu, wannan karon ba tare da malamin da zai matsar da ita inda ta dace ba. Aikin da ya bi kakar ƙasa sau da ƙafa shi ne wanda aka fara a Nijar a 2013, inda ma'aikata ke bi gida gida sau ɗaya a wata, daga Yuli zuwa Oktoba, suna ba yara daga wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi, har cikin taurarin da tsofaffi ke hana su cin tumu. Sai dai ita kanta ƙasar ta soma sauya lissafi. Tun da aka gina madatsun ruwa na Mozage da Zango a kan Majiya, aka shimfiɗa gandun noman rani na Ƙonni mai fiye da hekta 2,400 tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, ga kuma garakan albasa da suka mamaye fadamun Galmi da Tsarnawa, ruwa ya daina ƙarewa da ƙarewar damina a waɗannan wurare, sauro kuma inda ruwa ya kwanta nan yake kwana. Mutanen bakin gandu sukan kwana cikin gidan sauro har bayan an shiga ɗari, a watannin da ba a raba maganin rigakafi, kuma malamin hisabi bai taɓa sa masassara a cikinsu ba.